Shaihu Umar a Takarda, Shaihu Umar a Dandali

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, in ya iso Kura, zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Ko'ina ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, amma daga Kura zuwa Kadawa, har ka karkata wajen Bunkure da Garun Malam, sai kore shar iyakar ganinka: ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa. Ruwan nan daga madatsar Tiga ya ke zuwa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ya kan biyo babbar hanyar da aka haƙa masa, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya kai gona gona. In ka tsai da manomin da gonarsa ke bakin magudana, ka tambaye shi labarin Tiga, zai ce maka alheri ce, ba kuwa ƙarya ya yi ba. Amma akwai waɗanda aka tayar daga garuruwansu don ruwa ya kwanta bisa kufansu. Akwai kuma masunta da manoman fadamun Hadeja da Nguru, can ƙasa, waɗanda ambaliyar da su ke dogara gare ta kowace shekara ta ragu. Su ma suna da nasu labarin Tiga. Sai dai matafiyi ba ya jinsa, don ba su ne ke zaune bakin hanya ba.

Mun kawo wannan ne saboda wata tambaya da mu ke so 'yan makaranta su juya a ransu, ko da ya ke ba ta noma ba ce. In mutum ya sami alheri a hannun wani, ya kuwa ba da labarin da gaskiya, ba ƙari ba ragi, shin shaidarsa ta isa mu ce wanda ya yi masa alherin nan mutumin kirki ne? Tambayar nan tana fitowa fili sosai cikin labarin Shaihu Umar, in aka ajiye littafin gefe guda, aka ajiye wasan kwaikwayon da aka ciro daga cikinsa a ɗaya gefen, aka dube su tare.

Galibinku kun karanta littafin, ko an karanta muku shi a aji. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Dokta R. M. East ke shugabanta, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin waɗanda aka zaɓa aka buga a 1934 akwai Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Gandoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na wani saurayin malamin makarantar Midil ta Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Ba wanda ya yi mafarki a lokacin cewa wannan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa shi zai zama Firayim Ministan Nijeriya, balle a ce sojoji za su kashe shi a watan Janairu na 1966.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice, don wanda ya manta. Wani babban malami ne zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. A Kagara aka haife shi, ubansa ya rasu tun bai san shi ba. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarki. Aka kai hari aka kamo bayi, mahassada suka ce Makau ya ɓoye waɗansu, Sarki ya kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta sai ta tafi ganin iyayenta a Fatika, ta bar yaron a hannun amana, wani ya zo ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, yaron ya faɗa hannun waɗansu, aka sake kama shi, har aka kai shi Kano, ya zama na wani Balarabe falke wai shi Abdulkarim. Shi kuwa ya ƙetare Sahara da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud, har ya zama malami, ya zama liman. Uwar ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa a Murzuk. Suka sadu daga ƙarshe a Tarabulus, ta gan shi, ba ta jima ba ta rasu. A kan hanyar komowa ƙasar Hausa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar kaɗai ya tsira.

Shekara 40 da 'yan kai bayan fitowar littafin, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani mutumin Tirinidad masanin wasan dandali, suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga na Turanci a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a majigi da harshen Hausa, Umaru Ladan da kansa ya fito a Shaihun. Majigin nan ya ɓace shekaru masu yawa har aka fid da rai da shi, sai a 2016 aka tsince shi cikin ɗakin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018.

To, labari ɗaya ne, mutane ɗaya ne, sunaye ɗaya ne. Ina bambancin?

Bambancin farko shi ne murya. Cikin littafi, daga fari har ƙarshe, kusan bakin mutum ɗaya ke magana, shi kuwa tsoho ne wanda ya riga ya ƙetare kogin, yana zaune a tudu, tufafinsa sun bushe. Duk abin da ya faɗa, ya riga ya tace shi da haƙurin shekaru. Sa'ad da ya ke gaya mana an sace shi, mun san bai mutu ba, ga shi nan bisa buzunsa almajirai sun kewaye shi. Sa'ad da ya ke gaya mana ƙishirwar Sahara, mun san ya sha ruwa daga baya. Don haka mai karatu ba ya firgita, hankalinsa a kwance ya ke, sai ya tashi daga littafin yana ganin dukan wahalar nan hanya ce aka shimfiɗa don yaro ya zama Shaihu. Waɗanda ke karanta Alƙur'ani da waɗanda ke karanta Attaura duka za su tuna da Annabi Yusufu, wanda ayari ya ɗauka aka sayar a Masar, ubangijinsa ya riƙe shi da mutunci, ƙarshensa ya ɗaukaka. Sawun nan ne labarin Umar ya taka.

Dandali ba shi da wannan dabara. Lalle ana iya zaunar da Shaihun a gefe yana ba da labari, majigin ma da almajirai ya fara, suna tambayar malaminsu. Amma da zarar labari ya koma Kagara, tilas a nemo yaro na gaske, mai ƙafa da hannu, a ce shi ne Umar. Yaron nan kuwa bai san zai zama Shaihu ba. In ɓarawo ya sunkuce shi, ihu zai yi, ba zai ce wannan ƙaddara ce mai kyakkyawan ƙarshe ba. 'Yan kallo suna ganin tsohon a natse a gefe guda, suna ganin yaron yana kuka a ɗaya gefen, lokaci ɗaya. Sai su gane abin da mai karatu ya kan tsallake, watau haƙurin Shaihu saye aka yi, an kuwa saye shi da tsada.

Uwar ta fi kowa samun riba a wannan juyi. Cikin littafi da bakin ɗanta mu ke jin labarinta, ɗa Bahaushe kuwa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, ba ya kuma tsawaita magana kan wulakancin da aka yi mata, kunya ba ta barinsa. Bugu da ƙari, bai ga abin da ya same ta da idonsa ba. Yana can yana karatu sa'ad da a ke cinikinta. Abin da ya sani ji ya yi daga baya, sa'an nan ya adana shi shekaru, sa'an nan ya faɗa wa almajirai da irin lafazin da ya dace da zaure. Wahalarta sai ta iso mana kamar ruwan da ya bi magudana uku kafin ya kai gona, ya rage gudu, ya rage yawa. A dandali kuwa dole ta sami suna, don sauran 'yan wasa ba za su kira ta uwar wani ba koyaushe. Masu majigi Fatima suka kira ta. Dole ta sami murya tata. In aka kai ta gaban alƙali tana cewa ita 'ya ce ba baiwa ba, aka ƙi saurarenta, da kunnenmu mu ke jin ƙin nan. Mu dai a ganinmu, wanda ya kalli wasan zai fita yana tambayar kansa ko Umar ne gwarzon labarin nan ko uwarsa. Shi ɗauka aka yi ta yi da shi daga hannu zuwa hannu, kamar ƙunshin goro. Ita kaɗai ce cikin labarin ta tashi da ƙafarta, da nufin kanta, ta nufi inda kowa ke gudu.

Amma ba a nan maganar ta fi nauyi ba. Ku dubi Makau.

Kowane ɗan makaranta da ya karanta littafin yana jin tausayin Makau, mu ma mun ji. Mutum ne mai gaskiya, mai riƙon amana, ya riƙe agola da kyau, mahassada suka ƙulla masa sharri. To, amma sharrin mene ne? Wai ya kamo bayi kaza, ya nuna kaza, ya ɓoye kaza. Muna karantawa muna fushi da masu ƙaryar, muna so Sarki ya gane lissafin Makau daidai ne. Ba mu taɓa tsayawa mun ce, to, su waɗannan da a ke lissafawa fa? Jiya da asuba suna kwance a ɗakunansu, mahaya suka faɗa musu. Kowane ɗayansu yana da uwa, wadda watakila ita ma ta fita nema, ba wanda ya rubuta labarinta. A takarda lamba ce kawai, biyu ko huɗu, ido ya wuce ta kamar yadda ya ke wuce lambar shafi. In kuwa ku ne kuka shirya wasan a makarantarku, kuka zo ranar da aka komo daga hari, ba ku da lambar da za ku tsayar gaban Sarki. Sai kun ɗauko 'yan ajinku, kun tuɓe musu riga, kun ɗaura musu igiya a wuya, sun tsaya nan kai a sunkuye har fadawa su gama gardama. Ba su da magana ko ɗaya cikin wasan. Duk da haka 'yan kallo ba za su iya kawar da ido daga kansu ba. Makau bai sake hali ba, kalmominsa ba su sake ba, amma yanzu mai gaskiyar nan yana rantsuwa ne a gaban mutanen da shi ya raba da gidajensu.

Haka kuma Abdulkarim, har ma ya fi. A littafi shi ne inuwar da Umar ya samu bayan rana ta gasa shi. Ba mu da dalilin ƙaryata Shaihu a kan wannan: mutumin ya ciyar da shi, ya tufasar da shi, ya ba shi ilmi, bai bambanta shi da ɗan cikinsa ba. Amma me ya kawo Abdulkarim Kano? Fatauci, cikin hajar fataken nan kuwa har da mutane. Wannan ba ƙagen mai littafi ba ne. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da a ke fitarwa daga birnin kowace shekara ba su wuce 5,000 ba, yana ganin bai yi yawa ba ke nan. Abin mamaki, shi ma Barth da sunan Abdulkarim ya yi yawo a ƙasashenmu. Mu mutanen wajen Kura kada mu ce abin bai shafe mu ba. Turkuɗin da marinan Kura suka yi suna da shi, wanda Buzaye ke naɗawa, arewa ya ke tafiya bisa raƙuma, hanyoyin nan na Sahara kuwa su ne bayi suka taka da ƙafa. Raƙumi yana ɗauke da baƙin zane mai ƙyalli, a bayansa ga jerin mutane.

Mai littafi bai ɓoye wannan ba, ya ambaci bayin ayarin. Amma mai ba da labarin yana cikin waɗanda aka ɗauka da daraja, don haka daga can sama mu ke hangen sauran. A dandali kuwa ba sama ba ƙasa, fili ɗaya ne. Hannun da ke shafa kan Umar da igiyar da ke wuyan sauran duka suna gaban ido. Ga tambayarmu ta komo: Abdulkarim mutumin kirki ne?

Mun ji amsa iri biyu, ba kuwa wadda ta gamshe mu.

Waɗansu su kan ce, haba, kada a auna mutanen da da mudun yau. Bauta al'adar zamanin ce, kowa yana yi, wanda ya kyautata wa bawansa ya yi iyakar abin da zamaninsa ya sani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sa'ad da Malam Abubakar ya ke rubutu ma, bauta ba ta gama mutuwa a doka ba. Turawa sun hana hari da ciniki, sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar ɗungum a Jihar Arewa, shekara 2 bayan fitowar littafin. Cikin masu karatunsa na farko akwai jikokin masu bayi, akwai 'ya'yan bayi, suna zaune benci ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da ya yi magana a hankali. Amma wannan amsa tana da rami. Mudun zamanin da kansa bai yarda da abin da aka yi wa Umar da uwarsa ba. Tun a 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta amsa ga masu tambayarsa daga arewacin Sahara, ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi kuka da sayar da 'ya'ya. Falken da ya karɓi yaro Bahaushe a Kano, bai tambayi ɗan wane ne ba, bai tambayi yadda aka same shi ba, ba zai ce zamaninsa bai koya masa tambayar ba. Ya dai ga rashin tambayar ya fi masa sauƙi.

Waɗansu kuma, galibi samari masu zafin jini, su kan ce ai mugu ne kawai, alherinsa munafunci ne, a nuna shi a dandali da jajayen idanu da bulala a hannu. Wannan ma ba mu yarda ba, mun fi ma jin tsoronsa. Da farko dai ƙarya ce a kan littafin, Shaihu bai san wannan mutum ba. Na biyu, in aka mai da Abdulkarim dodo, kowa cikin 'yan kallo zai koma gida da sanyin rai, yana cewa ni dai ba haka na ke ba. Abin da ya sa labarin ke da ciwo shi ne mutumin yana sallah, yana son yara, yana cika alkawari, maƙwabtansa suna yabonsa, kuma da kuɗin mutane ya ke cin abinci. Irinsa ba su ƙare da rufe kasuwar bayi ba. Mai gonar da ke kyautata wa yaron gidansa ɗaya, ya aurar da shi, ya kai shi Makka, amma ya danne ladan 'yan ƙwadago talatin da suka yini sunkuye suna dashen shinkafa, in ka tambayi yaron gidan nan zai rantse maka ubangidansa waliyyi ne. Ba ƙarya ya yi ba shi ma.

Dandali yana da nasa haɗari, kada ku ɗauka mun ce ya fi littafi gaskiya ta kowace fuska. Akwai misali daga Amurka da ya kamata kowane mai shirya wasa ya sani. A 1852 wata mata, Harriet Beecher Stowe, ta fitar da littafi a kan bautar baƙaƙen ƙasarsu, Uncle Tom's Cabin. Tom na littafin ƙaƙƙarfan mutum ne, magidanci mai ƙananan 'ya'ya, wanda ya yarda a doke shi har ya mutu da dai ya tona inda waɗansu bayi mata biyu suka ɓuya. Dokar lokacin ba ta ba mai littafi ikon hana a yi wasa da labarinsa ba, don haka ƙungiyoyin wasa suka yi ta yawo da shi gari gari fiye da shekara 50, kowa yana sassaƙa shi yadda 'yan kallo za su fi biyan kuɗi. A hankali Tom ya tsufa a hannunsu, ya yi furfura, ya ranƙwafa, ya zama mai rawar jiki gaban farar fata. Ƙarshenta sunansa ya zama zagi a bakin baƙaƙen Amurka, a kan kira mutum da shi in ana nufin maƙasƙanci mai neman yardar azzalumi. Mutumin da ya mutu don kada ya ci amana, ga abin da dandali ya mai da shi.

Shaihu Umar ma ana iya yi masa haka. Haƙuri abu ne mai wuyar nunawa. A takarda muna cikin zuciyar mai haƙurin, muna jin abin da ya haɗiye. A dandali abin da ido ke gani kawai mutum ne zaune bai ce kome ba, in ɗan wasa bai ƙware ba sai ya zama kamar gunki da rawani, ko kuwa kamar wanda bai damu ba. Kuka kuwa da sauƙin nunawa, ya kan kuma cinye wasa. In aka saki uwar ta yi ta kururuwa daga fari har ƙarshe, mata su share hawaye, yara su yi tsit, a tashi, gobe a manta. Littafin bai nemi hawayen kowa ba, shi ya sa har yau, fiye da shekara 90 bayan bugunsa, mutum ya kan ajiye shi ya yi shiru.

Saboda haka in an tambaye mu ko mai shirya wasa yana da ikon sake halin mutumin da ke cikin littafi, sai mu ce amana aka ba shi, kamar wanda aka bar wa yaro aka tafi Fatika. Ba shi da ikon sa wa Abdulkarim muguntar da mai littafi bai sa masa ba, ba shi da ikon cire masa alherin da Shaihu ya shaida. Amma yana da iko, har ma wajibi ne a kansa, ya tsayar da waɗanda mai ba da labari ya wuce da sauri, tun da ya ke suna cikin littafin, ba shi ya ƙago su ba. Shaihu ya faɗi abin da ya gani daga inda aka zaunar da shi. Shaidarsa gaskiya ce, amma shaidar mutum ɗaya ce, alƙali kuwa ba ya yanke hukunci da ita sai ya ji ta sauran. Sauran nan ba su kai Rauta ba. Waɗansu rairayi ya rufe su, waɗansu sun tsufa a gidajen Murzuk da Tarabulus, ba almajirin da ya tambaye su asalinsu.

Mu kanmu, in aka matsa mana, ga abin da za mu ce game da Abdulkarim. Umar yana da hakkin ya so shi, ya yi masa addu'a, butulci ne in bai yi ba. Mu kuwa da ba mu ci tuwonsa ba, ba mu da wannan bashi a wuyanmu, ba mu kuma da hujjar aron idon Umar mu dube shi da shi kaɗai. Alherin da ya yi wa yaro ɗaya nasa ne, ba mai ƙwace masa. Amma bai biya kuɗin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke tafe a bayan raƙumansa ba, don ba su aka yi wa ba.

In makarantarku ta yi niyyar yin wasan nan a ƙarshen shekara, ko a Kura ku ke ko a Bunkure ko a wani wuri, mun san yadda rabon zai kasance, don mun sha gani. Wanda ya fi iya karatu a ba shi Shaihu, mai tsawo da hasken fata a ba shi Abdulkarim, ɗan mai unguwa ya ce shi Sarki zai yi. Sa'an nan malam ya waiwaya ya ce, saura bayi, a tattaro ƙananan yara da waɗanda ba su iya hadda ba, tun da ba abin da za su faɗa. Muna roƙon malamai su juya rabon nan ko sau ɗaya. A ba wa ɗan mai unguwa igiya. A zaɓi waɗanda kowa a garin ya san fuskarsu, ya san iyayensu, su tsaya a jerin nan, don in uwayensu suka zo kallo su gane su daga nesa. Kuma kafin ranar wasa, a sa kowane ɗaya daga cikinsu ya zauna ya rubuta a takarda, shi kaɗai, sunan bawan da zai fito a matsayinsa, da sunan ƙauyensu, da abin da ya ke yi da safen da mahaya suka zo. Ba za a karanta takardun a dandali ba. Su dai riƙe su a aljihun wando sa'ad da fadawa ke gardama ko su biyu ne ko su huɗu.